Shugaba Ba Ya Gudu

A garinmu Punta Salada, in ana zancen cika baki ba a tsallake Don Eudoro Intriago, mai sayar da ƙanƙara a bakin kasuwar kifi. Gajere ne mai tumbi, ga gashin baki da yake shafa wa mai kowace safiya. Kirarinsa guda ne, kuma shi ya yi wa kansa: tun da uwarsa ta haife shi, ƙafarsa ba ta san gudu ba. Wai ran da bijimi ya tsinke a kasuwa kowa ya watse, shi tsayawa ya yi ya harare shi har bijimin ya ji kunya ya juya. Babbar shaidarsa kuwa bel ɗin da ke ƙugunsa, na fatar maciji, mai ƙarfen ɗauri da aka ƙera da siffar kan maciji, har da jajayen idanu. Ya ce da hannu ya shaƙe macijin a gonar kakansa. Matarsa Doña Zoila, wadda ita ta sayo bel ɗin a gwanjon birnin Manta, ba ta taɓa ƙaryata shi a gaban mutane ba. Iyaka ta ce, "Allah sarki macijin, ya sha wuya."

Shekara da shekaru yana neman shugabancin bikin San Pedro da San Pablo, waliyyan masunta, ana hana shi. A wannan shekarar ya yi ta rabon ƙanƙara kyauta har kunya ta kama mutane, aka rataya masa hamilar shugabanci, jan ƙyallen nan mai geza da ke saukowa daga kafaɗa zuwa ƙugu. Da ita yake buɗe shago, da ita yake cin abinci. Zoila ta ce da ƙyar take raba shi da ita in zai shiga wanka.

To amma hamila tana da sharuɗɗanta guda biyu, tun kaka da kakanni. Ran biki, in an ɗauki mutum-mutumin waliyyan a jirgi ana zagayawa da su, dole shugaba ya kasance tare da su a kan teku. In jirgin ya dawo ya taɓa yashi kuma, dole a same shi tsaye a gaɓa da hamila a kafaɗa ya karɓe su. Wanda ya saɓa, hamila ta koma wuyan mataimakinsa nan take. Ban da wannan, kowane yaro a garin ya san San Pablo ba ya kai ƙara gun kowa. Wanda ya karɓi aikinsa ya yi masa wasa, maciji yake aiko masa.

Nan gizo ke saƙar. Don Eudoro ya yi rayuwarsa duka a bakin teku, amma ko kwale-kwalen da ke ɗaure bai taɓa takawa ba. In Zoila ta girgiza ruwan wanki a baho yana kusa, sai jiri ya sa ya nemi wurin zama. Mataimakin nasa kuwa ba kowa ba ne sai Wilfrido, yayan Zoila, masunci baƙi ƙirin da rana ta gasa, wanda bai taɓa ganin Eudoro da gashi ba tun yana zuwa zance gidansu.

Ana saura 'yan kwanaki biki, Eudoro ya shigo rumfar da Zoila ke sayar da farfesun kifi, masunta sun cika benci, ya buga tebur.

"Bana shugabanku ba zai shiga jirgi ba."

Wilfrido ya ajiye cokali. "Madalla, compadre surukina. Miƙo hamilar tun ba ta yi datti ba."

"Kwantar da hankalinka, suruki. Me doka ta ce? Ta ce a cikin jirgi?"

"Ta ce a kan teku."

"Yauwa! A kan teku. To tsuntsun da ke shawagi can, a kan me yake? A kan gonar masara?" Ya nuna tudun La Loma, inda baƙi ke tashi da laimar nan mai faɗi da ake kira parapente, mutum biyu a ɗaure, matuƙi a baya fasinja a gaba. "Kowane shugaba ruwa ya bi, kamar buhun gishiri. Ni ta sama zan raka waliyyai, in sauko gabansu a kan yashi, in yi jawabi. Jikokinku sai sun ba da labari."

"Labari kam za a bayar," in ji Wilfrido.

Zoila ta juyo da ludayi a hannu. "Eudoro, kai da ka hau kujera za ka canja ƙwan lantarki ka ce in riƙe maka ƙafa?"

"Kujerar ce gurguwa."

"Ina dai gaya maka, ba a yi wa San Pablo wayon lauya. Ranar da ya aiko maka da saƙo, kada ka kira sunana."

Eudoro ya shafa kan macijin da ke cibiyarsa. "Ya aiko mana. Dama ina bukatar takalmin da zai dace da bel ɗin."

Dattawan biki suka zauna a kan maganar, suka juya ta gaba da baya. Doka dai ba ta ce jirgi ba. Ban da haka ma, babu wanda yake so ya rasa kallon, don haka aka amince ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba.

Ranar biki Eudoro ya tashi ya share kwano biyu na farfesun kifi da rogo da albasa, ya bi da soyayyar ayaba, wai jarumi ba ya fita da yunwa. Ya sa farar kwat da farin wando, ya rataya hamila, ya rataya lasifikar hannu a wuya saboda jawabi. Waɗanda ba su samu wuri a jirage ba suka bi shi tudu, sauran jama'a suka cika gaɓa suna ɗaga kai.

Matuƙiyar da za ta ɗauke shi Yadira Loor ce, 'yar garin, mace mai gajeren haƙuri da ta saba jigilar matsorata iri-iri. Ta dube shi sama da ƙasa, ta kifa masa hular kwano, ta fara zura masa igiyoyin ɗauri masu ɗan mazauni a baya, ta cinya da kafaɗa. Suka ƙi haɗuwa a tumbi.

"Don Eudoro, me ka ci?"

"Abin da maza ke ci."

"Maza nawa? Kwance bel ɗin nan, ƙarfensa zai huda maka ciki in igiya ta ja."

Ya kwance ƙarfen ya bar bel ɗin a jikin wando. Igiyoyin suka matse komai a wurinsa, har shi kansa ya manta.

"To saurara," in ji Yadira, tana ɗaure kanta a bayansa. "Abu ɗaya nake so gare ka. In na ce gudu, ka ruga da gudu zuwa bakin tudun can. Kada ka tsaya, kada ka yi tsalle, kada ka zauna sai na ce."

Eudoro ya waiwayo a hankali. "Kika ce me?"

"Gudu."

"'Yata, kin san da wa kike magana? Ƙafar nan ba ta san gudu ba. Balle yau, da hamila a kafaɗa, gari duka na kallo. Shugaba ba ya gudu."

"Laima kuma ba ta san shugaba ba. Nauyi ta sani."

"Zan taka irin takun manya. Ke dai yi aikinki."

Yadira ta cije leɓe ta ja igiya. Laima ta kumbura ta miƙe a bisa kansu. "Gudu!" Don Eudoro ya ɗaga ƙafar dama a tsanake, yana ɗaga wa jama'a hannu. Laimar ta jira abin da za ta iya jira, sannan ta gaji ta kife a kansu, iska ta ja su da baya ta zube su cikin sarƙaƙiya. Aka ciro shugaba da ƙaya a gashin baki.

Wata tsohuwa mai sayar da kwakwa ta ce, "Har an dawo? Yaya teku?"

"Gwaji ne," in ji Eudoro. "Ina auna ƙarfin iskar."

A karo na biyu ya yarda zai ƙara sauri, amma ya kafa sharaɗi kada kowa ya kira shi gudu, sassarfa ce. Ya yi taku uku, ya hango inda ƙasa ta ƙare, shuɗin ruwa ya buɗe baki can ƙasa. Sai ya zauna daɓas. Laima ta ja shi a zaune cikin jar ƙasa kamar buhun da aka rasa mai ɗauka, Yadira na bin bayansa tana tuntuɓe tana ambaton abubuwan da ba a faɗa ranar waliyyai. Da ya miƙe, bayan farin wandon ya koma launin tukunya.

"Na ce kada ka zauna!"

"Ai kujera kika ɗaura mini. Ana ba mutum kujera a hana shi zama?"

Yadira ta kama kafaɗarsa ta juya shi wajen teku. Jirage sun gama zagaye sun juyo, ana jin bugun 'yan badujala sama-sama. A hancin jirgin gaba, kusa da waliyyai, ga wani baƙin mutum tsaye ya harɗe hannu.

"Ka ga surukinka? Wuyansa yake gyarawa. Sau ɗaya ya rage. In ka sake zama, ni da kaina zan cire jan ƙyallen nan in kai masa."

Eudoro ya dubi hamila, ya dubi Wilfrido. "A juya wa shugaba baya," ya ce da 'yan kallo. Babu wanda ya juya.

"Gudu!"

Ya runtse ido ya zuba a guje. Wallahi ashe gwani ne. Tumbi na gaba, Yadira na baya kamar jela, kafin ka ce kwabo ƙasa ta ɓace a ƙarƙashinsu, laima ta ɗauke su ta yi sama. Sai dai babu wanda ya sanar da ƙafafunsa. Idonsa a rufe, an ce kada ya tsaya, don haka bai tsaya ba. Mutanen gaɓa suka ɗaga kai suka ga shugabansu a tsakiyar sararin Allah, fari fat ban da baya, yana zabga gudu a kan iska, gwiwa na taɓa haɓa. Mutumin da ya ce bai taɓa gudu a ƙasa ba, ga shi yana biyan bashin shekaru a inda makaho ne kawai ba zai gani ba.

"Zauna yanzu!" in ji Yadira. "Don Eudoro, zauna, mun tashi!"

"Kin ce kada in zauna!"

"Ɗazu ke nan!"

"Ba za ki yaudare ni ba!"

Garin fafutuka gwiwarsa ta bugi maɓallin lasifika, ta kunnu. Daga nan duk abin da ya fito bakinsa sai da ya sauka a kan Punta Salada kamar sanarwar gwamnati.

"Wayyo Allah na! Zoila! Zoila, ki ce ta sauke ni! Wa ya ɗauke ƙasa?"

A gaɓa mata masu fiɗar kifi suka dafe ciki don dariya. Ɗaya ta taɓa Zoila. "Comadre, 'yar'uwa, ana kiranki daga sama."

"Ban ji ba," in ji Zoila. "Na ce masa kada ya kira sunana."

Sai a lokacin ya yi kuskuren buɗe ido. Ya ga teku tana juyawa, jirage ƙanana kamar ɓawon gyaɗa, takalmansa na lilo a kan babu. Laima ta yi wani lanƙwaso ta dama, ta dawo hagu. Nan ya gane abin da babu wanda ya gaya masa: iska ma tana da igiyar ruwa irin tata. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Farfesun safe ya fara neman hanya.

"Yadira, 'yata, tsaya da tuƙin nan."

"Ina zan tsaya? A tasha?"

"Cikina..."

"Juya gefe! Gefe na ce, kuma kashe wannan abin!"

Bai kashe ba. Lasifika ta isar da sautin har ƙarshen gari, aman kuma ya bi iska ya sauka daidai jirgin 'yan badujala. Mai busa ƙaton ƙahon nan mai baki kamar tukunya ya ji kayan aikinsa ya yi nauyi, ya busa, abin da ya fito ba kiɗa ba ne. Tsuntsayen teku suka ji ƙanshin kifi suka yo ayari suna bin laima suna kuka, kai ka ce su ne tawagar shugaban. Wilfrido ya cire hularsa ya rufe kan San Pedro.

Amma abin haushi, shi sakarai yakan yi sa'a. Yadira ta karkato da laima bisa jiragen, ta zagaya su sau ɗaya don a cika doka, sannan ta nufi yashi. "In ƙafarka ta taɓa ƙasa, gudu!" Wannan karon ba a yi musu ba, don dama ƙafafun ba su huta ba. Suka sauka lafiya lau, a tsaye, a daidai inda ake karɓar waliyyai, jirgin gaba kuma bai ƙaraso ba tukuna. Hamila na kafaɗa. Ya kasance a kan teku, gari duka shaida ne. Abin da ya rage masa kawai ya tsaya cik a inda yake har hancin jirgi ya taɓa yashi, kuma ko jaririn da ya fara tatata zai iya wannan.

Jin ƙasa a tafin ƙafa ya dawo masa da baki. Ya goge gashin baki da gezar hamila, ya ɗaga lasifika.

"Jama'ar Punta Salada! Kun ga abin da ake kira namiji. Waɗansu za su ce sun ji ihu. Umarni nake bai wa matuƙiya, don yarinya ce, ta tsorata."

Yadira ta zagayo gabansa ta ɓalle igiyoyin ɗauri ɗaya bayan ɗaya, ta kwashe kayanta ta ja gefe.

"Waɗansu kuma sun ce San Pablo zai aiko mini da maciji. To ina yake? Ga ni tsaye! Ya fito mana!"

Igiyoyin nan su ne suka riƙe komai tun daga tudu. Da aka cire su, bel ɗin da aka kwance, wanda gudun sama ya riga ya zazzage shi, ya fara zamewa daga wando a hankali. Ƙarfen ya yi gaba, ya sulale ta bayan cinya, ya leƙo ta tsakanin ƙafafunsa ya kwanta a kan farin takalmi, sanyi ƙalau, jajayen idanu na kallon sama. Wutsiyar kawai ta maƙale a maɗaukin bayan wando.

Wata mai fiɗar kifi ta nuna da wuƙa, ba ta ko ɗaga murya ba. "Ga shi nan kuwa."

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Shi Don Eudoro ko sarar ba a taɓa yi masa ba. Ya dubi ƙasa, idonsa ya haɗu da na abin, ya yi wata ƙara da lasifika ta kasa ɗauka. Ya yi tsalle gefe, maciji ya yi tsalle gefe. Ya juya, maciji ya juya ya dake shi a dunduniya. Sai ya riƙe wando da hannu ɗaya ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Ya bi gaɓa a guje, abin na biye da shi yana tsalle a kan yashi yana zana layi. Ya ƙara wuta, shi ma ya ƙara. Ya tsallake tarun da aka shanya, ya kifar da teburin mai kwakwa, ya ratsa tsakiyar mata masu waƙar coci suka watse kamar kaji. Duk waiwayen da zai yi, jajayen idanun na nan a bayansa.

"San Pablo, na tuba! Wasa nake! Ba a kan teku nake ba, a sama nake, na yarda!"

"Eudoro, tsaya!" Zoila ta ƙwala masa kira. "Bel ɗinka ne, sakarai!"

Ina! Wanda ke tseren rai ba ya jin nasiha. Ya fizge hamila daga kafaɗa ya yi jifa da ita baya. "Ungo abinka! Kai wa Wilfrido! Ni ƙanƙara nake sayarwa!" Da ya ga hakan bai sa an ƙyale shi ba, ya karya kwana ya nufi wurin da bai taɓa shiga ba tun haihuwarsa. Ya faɗa teku da kwat da takalmi, ya yi ta kutsawa har ruwa ya kai masa wuya.

A daidai lokacin hancin jirgin waliyyai ya taɓa yashi. Wilfrido ya diro, ya duba dama babu shugaba, ya duba hagu babu shugaba. Ya sunkuya ya ɗauki hamila, ya kaɗe mata yashi, ya shinshina gezar ya yamutsa fuska, ya rataya duk da haka. 'Yan badujala suka buga abin da ya sawwaƙa, ban da mai ƙaton ƙaho da ke can yana wanke kayansa.

Da ƙugiyar jawo kifi aka fito da Don Eudoro. Wilfrido ya zare bel ɗin daga wandon, ya ɗaga shi sama yana ɗiga, don na baya su gani.

"Compadre, wannan ba shi ne wanda ka shaƙe a gonar kakanka ba? Ashe bai mutu ba."

Dariyar da aka yi har waɗanda ke kan tudu sun ji. Amma tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Eudoro ya tofar da ruwan gishiri, ya gyara gashin baki da ya kwanta kamar jiƙaƙƙen ɓera, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Ku dai ba ku da godiya. Na ga abu mai kama da maciji a tsakiyar mata da yara, na janye shi daga cikinku na kai shi ruwa. Wannan ba gudu ba ne, dabara ce. Suruki, ba ni bel ɗina."

"A'a," in ji Wilfrido, "wannan na San Pablo ne yanzu. A ƙafarsa za mu rataye shi a coci, duk mai son shugabanci ya fara zuwa ya gaishe shi."

Eudoro ya buɗe baki zai yi gardama, ya ɗaga hannu biyu don ya yi bayani, wandon da ya sha ruwa ya yi nauyi ya fara bin hanyar bel. Ya cafke shi a gwiwa. Zoila ta ratso taron ba ta ko kalli fuskarsa ba, ta tsinto guntuwar igiyar taru daga ƙasa ta miƙa masa.

"Ungo, ɗaure. Na duba maka duka bakin biyu, wannan ba ta da kai."